Daga Sabon Maci Zuwa Gadabeji: Idon Kyamara Ɗaya Zai Iya Tafiyar?

Ranar kasuwar Sabon Maci, kafin hantsi ya dubi ludayi, ƙura ta riga kowa kama wuri. Amalanken shanu na shigowa da buhunan hatsi da wake, 'yan kabu-kabu na ratsa jama'a, motocin da suka taso daga Maraɗi za su Kornaka da Dakoro na tsayawa bakin kwalta suna sauke fasinja. Can wajen bisashe jajayen awaki na ta kuka a turke, dillalai na kai da kawowa tsakanin mai saye da mai sayarwa.

A tsakiyar wannan hada-hada ga wani matashi rataye da kyamara. Yanzun nan ya ɗauki rumfar masu goro daga kusa, kowa ya fito. Sai ya hango wani makiyayi a bakin kasuwa jaye da jan bijimi mai dogayen ƙahoni, rana ta hasko su ta cikin hazo. Idon da ke kan kyamarar ba ya kaiwa can. Ya durƙusa, ya zuge jaka, ya murɗe gajeren ido ya cire, ya laluba dogon. Kafin ya ɗaura iska ta kaɗo, makiyayin kuma ya shige cikin mutane.

Asara biyu ke nan a lokaci guda. Hoton ya wuce, ba zai dawo ba. Da dare kuma, in ya zauna duba aikin yini, zai tarar da ɗige-ɗige baƙaƙe a duk hoton da sararin sama ya fito, kowane ɗigo a wuri ɗaya bai gusa ba. Ƙura ta sauka a cikin kyamara.

Duk wanda ya taɓa aikin hoto a hanyar Dakoro lokacin hunturu ya san wannan ciwo. Shi ya sa tambaya guda ke yawo a bakin masu hoto daga Maraɗi har Katsina da Kano: akwai ido ɗaya da za a ɗaura tun daga gida, a yi tafiya a dawo ba a cire shi ba? Akwai. Amma ba kowane ne ya dace da ƙasarmu ba, kuma ba kyauta yake ba da wannan sauƙi.

Abin da ya sa maganar ta taso yanzu

Shekaru kaɗan baya, mai hoto a garuruwanmu mutum ne mai situdiyo, da labulen bango da kujera, ko mai bin gidajen suna da biki. Yau aikin ya faɗaɗa. Ƙungiyoyin raya karkara na son hotunan rijiyoyi, gonaki da bankunan cimaka. 'Yan jarida na aika rahoto da hoto da bidiyo tare. 'Yan kasuwa na tallar raguna da atamfa a Facebook da WhatsApp. Matasa na zagaya ƙauyuka suna ɗaukar al'adu suna sakawa a TikTok.

Wayoyin Tecno, Itel da Infinix sun sa hoto a aljihun kowa, amma sun kuma nuna iyakarsu. Yawancinsu in aka jawo nesa, hoton kawai suke yankowa su kumbura shi, sai fuska ta dagule. Wanda ya ƙudurta mayar da hoto sana'a, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya nemi kyamara.

Kyamarar da zai tarar a kasuwa kuwa ta sauya. Panasonic ya fito da kyamara marar madubi ta farko mai sauya ido a 2008. Sony ya kawo mai babban sansa a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da nasu a 2018. Tun daga nan kusan duk sabon idon da manyan kamfanonin nan ke ƙerawa na marar madubi ne. Tsofaffin masu madubi na nan birjik a hannun 'yan gwanjo, amma inda aka dosa a bayyane yake.

Madubin da aka cire, da ƙurar da ta samu ƙofa

A tsohuwar kyamara, in ka cire ido, madubi ne ke kallonka, a bayansa kuma akwai labule a rufe. Sansa, wato ɗan farantin da ke kama haske ya mayar da shi hoto, yana ɓoye can ciki. A marar madubi ba haka ba ne. Da ka murɗe ido, ga sansa nan tsirara, bai kai tsawon gaɓar yatsa daga baki ba. Wasu samfurori na Canon, Sony da Nikon na sauke labule in an kashe su, amma da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi, ba sa yi.

A Faransa ko Japan wannan ƙaramar magana ce. A jahar Maraɗi babba ce. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na ɗauko lallausar ƙura daga hamada, har daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta ko'ina. Bazara na zuwa da guguwa. Farkon damina kuma kusan kowane hadari jar ƙura ce ke yi masa jagora. In aka ƙara da kofaton dabbobi a kasuwa da rairayin hanyoyin da suka bar kwalta, wuya ne a sami wata guda a shekara da buɗe cikin kyamara a fili ba kasada ba ne.

Wanke sansa kuwa ba aikin gefen riga ba ne. Yana son kayan aikinsa da hannu mai natsuwa, kuma mai gyaran da ya ƙware ba a kowane gari ake samunsa ba. Wanda ya karce sansa ya kusa yin asarar kyamara. Don haka a nan, fa'idar farko ta ido mai dogon zum, wato mai kama faɗi da nisa ba tare da an cire shi ba, ba hutun kafaɗa ba ce. Fa'idarsa ita ce ƙofar da ya toshe ya hana a riƙa buɗewa.

Karanta lambobin da ke jikin ido

Kowane ido na ɗauke da lambobi iri biyu. Na farko milimita ne, kamar 24-200. Ƙaramar lamba faɗi take nufi, babbar kuma nisa. A 24 za ka kwashe rumfa da mutanenta. A 50 za ka ga abu kusan yadda idonka ke ganinsa. Daga 85 zuwa 135 nan fuska ke yin kyau. A 200 kuwa mahayin raƙumi da ke can nesa zai cika hoto.

Masu saye sun fi ɗokin babbar lamba, alhali ƙaramar ce ta fi yawan yanke hukunci. Ido mai farawa daga 24 na ganin kusan digiri 84, mai farawa daga 28 kuma wajen 75. A fili ba za ka damu ba, sai ka ja da baya. Amma a ɗakin amarya, ko zaure, ko aji cike da yara, bango ne a bayanka. Bambancin 200 da 240 kuwa kaɗan ne, ana iya cike shi da ɗan yanke hoto.

Sai a lura da girman sansa. Akwai babba, daidai girman fim ɗin da, milimita 36 da 24. Akwai matsakaici da ake kira APS-C, wanda lambar idonsa ake ninkawa da ɗaya da rabi, ko sama da haka kaɗan a Canon. Akwai kuma na Olympus da wasu Panasonic da ake ninkawa biyu. Ke nan 18-300 a kan APS-C na gani kamar 27-450, shi kuma 12-100 na Olympus kamar 24-200.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin f, kamar f/4-6.3. Ita ce faɗin ƙofar haske, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, ƙofa mai faɗi. Lambobi biyu na nufin ƙofar na tsukewa yayin da kake jawo nesa. Daga f/2.8 zuwa f/5.6 haske ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Haka ma daga f/4 zuwa f/8.

Abin da ke kasuwa, gida-gida

Tunanin ido ɗaya mai yin komai ba sabo ba ne. Kamfanin Tamron na Japan ya yi suna da shi tun 1992, lokacin da ya fitar da 28-200 ƙarami da ake iya yawo da shi. Na wancan zamani ba su da kaifi sosai, abin da ya sa har yau wasu ke yi wa irin wannan ido kallon raini. Na yanzu sun yi nisa, saboda ingancin gilashi da kuma gyaran da kyamara ke yi wa hoto da kanta.

Ka'ida ta farko ita ce baki. Kusan kowane kamfani da irin bakin da idonsa ke ɗaurawa, na Sony ba ya hawa Canon, na Nikon ba ya hawa Fujifilm. Kafin komai mutum ya san kyamarar da ke hannunsa.

Mai Nikon mai babban sansa yana da 24-200 f/4-6.3 na 2020, nauyinsa ya ɗara rabin kilo kaɗan, yana da na'urar hana rawar hannu da zoben roba na tare ƙura. Akwai kuma 28-400 na 2024, wanda ke kai nesa ƙwarai amma ƙofarsa na tsukewa har f/8.

Mai Canon babba yana da 24-240 na 2019. Yana saita gani da sauri, amma ya kai kashi uku cikin huɗu na kilo, kuma ba a yi masa kariyar ƙura ba. Mai Sony babba yana da zaɓi fiye da kowa: 24-240 na Sony kansa, da 28-200 na Tamron na 2020 wanda ke farawa daga f/2.8, da 28-300 na 2024. Sai dai 28-200 ɗin nan ba shi da hana rawa a jikinsa, ya dogara ga wadda ke cikin kyamara.

A ɓangaren APS-C, inda mafi yawan matasanmu suke saboda sauƙin kuɗi, akwai 18-150 na Canon, 18-140 na Nikon da 18-135 na Sony, kowanne bai wuce sulusin kilo ba. Fujifilm na da 18-135 mai kariyar ƙura da ruwa. Tamron 18-300 na 2021 ya fi su kai nesa, amma nauyinsa ya kusa ninka nasu. A gidan Olympus kuwa 12-100 ya yi fice, don ƙofarsa na nan a f/4 daga farko har ƙarshe, kuma an toshe shi da kyau.

Abin lura guda: ƙananan kyamarori da yawa, irin su Sony a6000 da a6400, Canon R50 da R10, Nikon Z50 da Z30, ba su da hana rawa a cikinsu. Mai irin waɗannan dole idonsa ya zo da tasa.

Farashin da ba a rubuta a kwali ba

Babban abin da ake sadaukarwa shi ne haske. Da rana tsaka a Sahel wannan ba damuwa ba ce, rana ta wadace mu har ta yi yawa. Matsalar na farawa bayan magariba. Bikin da ake yi da ƙwan janareto biyu, wa'azin dare, ɗakin da taga ɗaya ce, duk nan ido mai f/6.3 ke gazawa. Kyamara za ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sansa, hoto ya fito tsaki-tsaki, ko ta jinkirta ɗauka, mai motsi ya zama inuwa.

Hana rawa ba ta magance wannan. Hannunka take riƙewa, ba ta riƙe mai rawa ko yaro mai gudu. Ɗan ƙaramin ido marar zum, 50 f/1.8, na shigar da haske wajen ninki goma sha biyu na abin da f/6.3 ke shigarwa, kuma yana cikin mafi arha a kamfanoni da yawa.

Na biyu shi ne iskar da ke tsakaninka da abin ɗauka. Talla na nuna tsuntsu a 400 kamar ka taɓa shi, amma a sarari mai tsabta aka ɗauke shi. A hunturu, duk nisan da ka jawo, hazon da ke tsakani kake tattarowa, sai launi ya kwanta, hoto ya yi fari-fari. A bazara kuma, zafi na haura digiri 40, ƙasa na tururi, abin da ke nesa na rawa a ido. Babu gilashin da ke gyara wannan. Maganinsa sammako, ko jiran la'asar sakaliya, ko matsawa kusa.

Na uku, kada a ɗauka zum ya rabu da ƙura kwata-kwata. Irin wannan ido na miƙewa yana komawa, kuma duk miƙewa iska yake shaƙa ya fesar kamar zugazugin maƙeri. A hankali ƙura na taruwa a cikinsa. Sa'ar da aka yi, 'yar ƙurar cikin gilashi ba ta cika fitowa a hoto ba, ba kamar ta kan sansa ba. Amma yashi in ya shiga zoben murɗawa, za ka ji yana gurzawa, daga nan sai gyara. Zoben roba na rage wannan, ba ya hana shi ɗungurungum.

Kowa da inda ya fi ba ƙarfi

Masu hoton biki, waɗanda yawancin aikinsu na yamma da dare ne, ba su cika yarda da ido ɗaya ba. A wurinsu amarya na son fuskarta ta fito tas, bayanta ya narke, kuma wannan aikin ƙofa mai faɗi ne. Sun fi son zum gajere mai f/2.8, ko 50 da 85 marasa zum.

'Yan jarida da ma'aikatan ƙungiyoyi na ganin abin daban. Su a yini ɗaya za su ɗauki taro a ƙarƙashin bishiya, da hannun mace tana auna hatsi da tiya, da garke a bakin rijiya, sau da yawa daga bayan babur ko tagar mota. Ba su da lokacin sauyi, ba su da wurin ajiye jaka. A wurinsu hoton da aka samu ya fi hoton da ya fi kaifi amma ya wuce.

Tsofaffin hannu kuma na da nasu gargaɗin: zum na sa ƙafa ƙiwa. Mai koyo sai ya tsaya wuri guda yana murɗawa, maimakon ya zagaya ya nemi inda haske ya faɗo daidai. Suna da hujja. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da kyamarar da ba ta san zum ba ya yi hotunan da duniya ke girmamawa har yau. Shi da Malick Sidibé a Mali, da Philippe Koudjina a Yamai, abin da ya ɗaukaka aikinsu shi ne kusancinsu da mutanen da suke ɗauka.

Akwai kuma matsakaita, masu cewa a rage kwaɗayin nisa a sami inganci: 24-105 na Canon ko Sony, ko 24-120 na Nikon, duka masu f/4 da ba ta sauyawa. Ga wanda aikinsa mutane ne da kasuwa da gine-gine, wannan shawara ce mai nauyi.

Hanya ce ke faɗin tsawon da ake bukata

A ɗauki tafiya daga Maraɗi a yi arewa, ta Sabon Maci da Kornaka zuwa Dakoro, kilomita ɗari da ɗoriya. Gonakin hatsi, rumbuna, kasuwanni, mata a bakin rijiya, kusan duk wannan tsakanin 24 da 100 yake. Da an wuce Dakoro aka shiga kwarin Tarka da ƙasar makiyaya, fili na buɗewa, garke na nisa, sai 200 ta fara amfani.

Gaba kuma akwai gandun dajin Gadabeji a gundumar Bermo, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka kawo su nan bayan tafiyar sama da kilomita 800. Raƙumin dawa babba ne, 200 na iya wadatarwa. Barewa da tsuntsaye kuwa ba sa jira, su ne ke neman 300 zuwa sama. Wanda namun daji ne burinsa, nan 18-300 ko 28-400 ke biyan kuɗinsu.

Kokowar gargajiya ma haka. Gasar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 take kuma zagaya jahohi, ba ta barin mai hoto ya shiga tsakiyar fili. Daga gefe zai tsaya, yana bukatar 200 da saurin ɗauka kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa don ya tsayar da kaye. Hawan salla a Maraɗi, Tibiri ko Katsina kuwa shi ne inda ido ɗaya ke nuna gwanintarsa: yanzu dawaki na can nesa, ƙiftawa da bismilla sun iso gabanka, ƙura ta turnuƙe. Nan ko da ido goma a jakarka, ba ka isa ka sauya ba.

Kuɗi, da inda ake saye

Sabon ido irin wannan na kamawa daga wajen dalar Amurka 500 zuwa sama da 1,000, wato daga kamar jika 300 na sefa zuwa sama da jika 600, kafin kuɗin sufuri da na duwan. Ga matashin da ke tara kuɗin hoton suna da na katin shaida, wannan jarin shekara ne ko fiye.

Shi ya sa na hannu ya fi tafiya. Kaya na fitowa daga Dubai, Legas, Lome da Kwatano, su bi ta Kano ko Yamai kafin su iso Maraɗi. Rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya dagula wannan hanya. An buɗe iyakar Najeriya a Maris 2024, ta Benin kuwa ta daɗe a rufe, kuma duk tsawon da hanya ta ƙara, mai saye ne ke biya.

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya je da kyamararsa ya ɗaura idon da kansa. Ya haska fitilar waya ta cikin gilashin. Ƙura kaɗan ba laifi, amma in ya ga zare-zare kamar saƙa, fumfuna ce, wadda ta fi kama kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku. Wannan a bar shi. Ya murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe, ya saurara ko akwai gurza. Ya karkata idon ƙasa ya ga ko yana zazzagowa da kansa. Ya gwada saita gani a kusa da nesa, a farko da kuma a ƙarshen zum. Sa'an nan ya ɗauki bango mai rubutu, ya duba kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi, alama ce idon ya taɓa faɗuwa.

Wanda ke da tsohon idon Canon ko Nikon na kyamara mai madubi kada ya yi saurin rabuwa da shi. Kamfanonin biyu na sayar da adafta da ke ɗaura tsofaffin idanunsu a sabon baki, kuma galibi suna aiki lafiya, sai ɗan ƙarin tsawo da nauyi.

Riƙon da zai sa ya daɗe

A sa gilashin kariya a gaban ido tun ranar farko, a bar malafarsa a kai kullum. Ita ke tare hasken gefe, ita ke karɓar duka in an yi karo. Kafin a goge gilashi a fara hure shi da ɗan famfon roba, don ƙurar hamada yashi ce, in aka murza ta da ƙyalle sai ta yi zane. Ba a hurawa da baki.

A kan babur kyamara na cikin jaka a rufe, an naɗe ta da rawani ko tsumma mai tsabta. Kafin a maida zum ciki a share jikinsa. Kada a bar ta a mota a rana. In sauya ido ya zama dole, a shiga ɗaki ko mota, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a gama da sauri. Batir kuma a tanadi biyu ko uku, don marar madubi na shan wuta, ba kuma kowane ƙauye ke da inda za a yi caji ba.

Dogon ido ba ya maye gurbin sallama

Akwai wata fitina da ke tare da zum: yana ba ka ikon ɗaukar mutum bai sani ba. A ƙasar da ake girmama kunya da sutura, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar aure a bakin rijiya, dattijo yana cin abinci, mara lafiya a bakin asibiti, ba kayan kallo ba ne don kawai gilashinka ya kai gare su.

Hanyar da ta dace sananniya ce. In ka shiga gari ka fara gaida mai gari. A kasuwa ka nemi sarkin kasuwa ko shugaban dillalai. Ka yi sallama, ka ce, “Baba, sannu da kasuwa, ka yarda in ɗauke ka?” In ya ce, “A'a, yaro,” ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, ka juya kyamara ka nuna masa. Shingen jami'an tsaro da bariki kuwa ko kusa kada a nuna musu kyamara, kuma mai niyyar shiga daji ya fara tambayar hukuma halin da hanya ke ciki.

Wannan magana na da nauyi saboda tarihi. Shekara da shekaru, hotunan da duniya ta san yankin nan da su baƙi ne suka ɗauka. Bikin Gerewol na Woɗaaɓe ya zagaya duniya ta littattafai irin *Nomads of Niger* na 1983, mai ɗauke da hotunan Carol Beckwith. Yanzu kayan aikin sun fara shigowa hannun 'ya'yan ƙasa, masu jin harshen, masu sanin wanda ake durƙusa wa. Abin takaici ne a ce sun sami wannan dama sun ɓata ta da satar hoto daga nesa.

To, wanne za a ɗauka?

Ga matafiyi mai aikin rana a ƙasa mai ƙura, ido ɗaya mai dogon zum shi ne zaɓin hankali, kuma ga jerin da ya kamata a bi. A fara da bakin kyamara. A duba inda idon ya fara, 24 in da hali, ko 18 a kan APS-C. A fifita mai kariyar ƙura. A tabbata akwai hana rawa, a ido ko a kyamara. A ɗaga shi a hannu a ji ko wuya zai iya ɗaukarsa yini guda. Sai daga ƙarshe a tambayi nisan da yake kaiwa, kuma ga mafi yawan mutane 200 ta isa.

In kuɗi ya ragu, a ƙara da ɗan 35 ko 50 mai f/1.8 don aikin dare, a riƙa ɗaura shi a ɗaki kafin a fita. Wanda kuma bai kai ga sayen ko ɗaya ba tukuna, kada ya zauna jira. Ya fita da ɗan idon da kyamararsa ta zo da shi, ya yi wata biyu yana aiki, ya lura da inda yake yawan cijewa, faɗi ne ke gaza masa ko nisa ko haske. Amsar da aikinsa ya ba shi ta fi ta kowane mai shago, kuma ita ce za ta hana shi zuba jarin shekara a kan milimitar da ba zai taɓa amfani da ita ba.